Matar da Ta Ja wa Binuwai Iyaka

Kafin rana ta fara dukan kwanon rufi, Madam Véronique ta riga ta sauka daga kan moto, wato babur, a ƙofar ɗan asibitin unguwarmu a nan Garwa. Ba ta da doguwar gaisuwa. "Jam na?" ga mai gadi, "Bonjour" ga 'yan ofis, mu Hausawa kuma ta jefo mana "Ina kwana" tana tafiya, ba ta jiran amsa. Ta buɗe ɗakinta, ta yaye zanen da take rufe na'ura da shi, ta goge gilashin, ta goge ɗan kan na'urar da ake dangwala wa mutum a jiki. Daga nan sai ta ɗauki kwalbar man nan mai yauƙi da ake shafa wa fata kafin a duba, ta ajiye ta a bakin taga inda rana ke shigowa. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce tsoho in ya ji sanyi a haƙarƙari ɗauke numfashi yake yi, ita kuwa numfashin take son gani.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, retret kamar yadda ake faɗa a nan. Na san abin da za a yi mata: a raba lemo, wani ya yi jawabi da Faransanci, a tafa, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa da Hausa. Ba zan jero dukan waɗanda suka bi ta hannunta ba, don ban san su ba. Mutum ɗaya na sani ciki da bai, maƙwabcina Tahir mai haƙar yashi, wanda ya kai matsayin da in ya sake shiga kogi zuwa ƙirji to gawarsa za a ciro, shi kuma bai san wata sana'a ba sai shiga kogi zuwa ƙirji.

Amma bari in fara da na'urar. Ekografi ake ce mata, kuma duk Garwa an san ta da na'urar masu ciki. Da safe haka ɗin ne: mata cike da benci, Madam tana duba kwanciyar jariri. Can baya wani likitan ƙirji mai suna Dokta Maxime ya zo asibitin, ya ce na'urar nan tana iya wani aikin ban da wannan. Ya nemi wanda zai koya. Madam ce ta ɗaga hannu, a shekarun da sa'o'inta suka fara maganar gonar da za su koma. Ya koya mata abin da ya sani, aka kuma tura ta Yawunde ta ƙaro.

Abin da ta koyo shi ne wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon layya ya ga wani nama mai faɗi, marar kauri, da ya raba ƙirji da ciki, huhu a samansa, hanta da tumbi a ƙarƙashi. Mu ma muna da shi. Likitoci suna da sunansu, ni dai tantani zan ce. Huhu ba ya jan iska da kansa. Tantanin nan ne ke sauka, iska ta shiga, ya koma sama, ta fita, kamar zugazugin maƙeri. Wanda ya daɗe da ciwon huhu, irin matan da suka tsufa a bakin murhu, da masu bandar kifi, da waɗanda suka sha ƙurar auduga ko taba, tantaninsu yana gajiya. Wani ya baje ya daina sauka sosai, wani gefe guda ya kwanta gaba ɗaya. Hoton ƙirji yana nuna huhu a tsaye cik. Na'urar Madam tana nuna tantanin yana cikin aiki, a ga iya saukarsa, a ga ko yana kauri in an ja iska, likita ya san irin ƙarfin da ya rage wa mutum.

Matsalar farko ba ta na'ura ba ce, ta maza ce. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kuseri, da aka nuna masa ƙofar, ya tsaya ya dubi benci ya dubi mata, ya ce, "Ni? Me zan haifa?" Ya juya ya yi tafiyarsa yana tari. Madam ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta mai da masu ƙirji bayan azahar, lokacin da benci ya zama fayau. Ta sa aka gyara ƙofar baya. Ta shigo da kujera, domin da yawansu ba sa iya kwanciya ma, ga kuma kunyar hawa gadon da aka san na waye. Hoton jaririn da ke jikin bango kuwa, da an yi sallah sai ta rataya farar rigarta a kansa. Haka maza suka fara zuwa, kowa yana shigowa kamar hanya ce ta biyo da shi.

Ni ta dalilin mahaifiyata, Inna Aminatu, na san ta. Inna ta yi rayuwarta a kan kaskon ƙosai, hayaƙi ya gama da huhunta. Ranar da na kai ta, Madam ta juyo mata da gilashin, abin da na lura tana yi wa kowa. Ba ta duba mutum a ɓoye. Ta nuna mata wani farin layi mai lanƙwasa yana sauka yana hawa, ta ce, "Mama, ga mai yi miki aiki nan. Yanzu shaƙa da sauri, kamar kina jin ko miyar jiya ta yi tsami." Inna ta shaƙa, layin ya zabura, ta fashe da dariya har tari ya ƙwace mata. Madam ta koya mata fitar da iska a hankali, baki a tsuke, kamar mai hura kunu. Inna ta rasu daga baya, Allah ya jiƙanta, amma da wannan hurawar ta riƙa zuwa bakin ƙofa ta sha hantsi har ƙarshe. Wannan kaɗai ya ishe ni gode wa matar nan.

To, Tahir. Mutumin Kuseri ne, Hausarsa da ɗan ƙamshin Larabci, ya zo Garwa tun yana saurayi. Wanda bai taɓa ganin haƙar yashi a Binuwai ba, ga yadda take: ka ja kwale-kwalenka zuwa inda yashi yake, ka sauka cikin ruwa har ƙirji, ka nutsa da bokiti, ka ciko, ka ɗaga ka juye a jirgi, ka sake, har jirgin ya cika. Tahir ya yi tarin fuka da ƙuruciya, ya warke, amma ya bar masa tabo a huhu, ga taba da bai taɓa rabuwa da ita ba. Duk da haka yana aikinsa. Sai wani abu ya fara. A tudu yana tafiya, yana hira, haki kaɗan ne. Da ruwa ya kai masa ƙirji sai ya ji kamar an rungume shi ta baya an matse. Rannan abokan aikinsa suka ga ya ɗaga hannu ya yi ƙasa, da kyar suka jawo shi ta hammata. Yana hawa tudu ya dawo daidai.

Ku faɗa mini, abin da ke kama mutum a ruwa ya sake shi a tudu, me mutanen bakin kogi za su ce? Masu ruwa ne, babu wani ja. Aka je wurin wani mai magani a ƙauyen gangare. Ya ce Tahir ya taka inda bai kamata ba, kuma magani ɗaya ne: ranar Laraba da safe ya koma daidai wurin da aka kama shi, ya shiga har wuya, ya yi wanka da haɗin da za a ba shi. Aka haɗa kaya, aka tsai da Larabar.

Matarsa Kaltouma ce hankalinta bai kwanta ba. Ba don ba ta yarda da masu ruwa ba, ta yarda ƙwarai. Abin da ya dame ta shi ne ta daɗe tana ganin mijinta ba ya kwanciya a miƙe, a jingine da bango yake barci, kuma a ɗakinsu babu kogi. Ta lallaɓa shi da cewa maganin tari kawai za a karɓo. Ni na ɗauke shi a motona, ita ta biyo mu a wani. Dokta Maxime yana jin maganar ruwa da maganar jingina ya ajiye biro, ya ce a kai shi wurin Madam.

Tahir ya shiga ta ƙofar baya yana shan mur. Ya ce shi ba zai tuɓe riga gaban matar wani ba. Madam ta ce ba ta nemi rigarsa ba, Kaltouma ta ɗage gefen kawai ta riƙe. Ta shafa man, ta ɗora kan na'urar ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Farin layin ya fito, yana sauka kaɗan-kaɗan kamar mai jin kasala. Ta koma hagu. Nan ta daɗe tana nema, domin gefen hagu ya fi wuyar gani. Da ya fito, layin bai motsa ba.

"Baba Tahir, shaƙa da ƙarfi sau ɗaya, kamar mai shaƙar garin taba."

Ya shaƙa. Maimakon layin ya sauka, sai ya yi sama. Ko ni da ban san komai ba na gane ba haka na Inna ya yi ba. Madam ta kira likita, ya duba, suka yi magana da Faransanci, sannan ya yi bayani: gefen hagu ya daina aiki, na dama shi kaɗai ke ɗauke da huhun da dama can ba lafiyayye ba ne. In ruwa ya matse ciki, kayan ciki su turo tantanin sama, shi kuwa ba shi da ƙarfin tura su ƙasa. Kada ya ƙara shiga ruwa mai zurfi. Likita ya rubuta magani ya fita, wasu na jiransa.

Tahir ya saurara tsaf, ya gyara zama, ya ce, "Madam, ba raini ba. Injinki ba ya ganin abin da ke cikin kogi."

"Gaskiya ne," in ji ta. "Ba ya gani."

"To kalas, shi ke nan. Laraba zan yi wankana."

Na zaci za ta hau shi da faɗa, ko ta ce babu wasu masu ruwa. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta mai da kan na'urar gefen dama, gefen da ke da sauran rai, ta ce da Kaltouma, "Zo ki tsaya a gabansa. Ɗora tafukanki biyu a cikinsa. Danna a hankali, kada ki saki sai na ce. Kai kuma dubi gilashi, ka yi numfashinka."

Kaltouma ta danna. Muna kallo, layin da ke ɗan sauka ya fara gazawa, saukar tana raguwa. Kafaɗun Tahir suka fara ɗagawa, jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa, ya buɗe baki, ya damƙi hannun kujera. Madam ta ce, "Saki." Kaltouma ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ya yi ta haki, idanunsa sun yi jajir.

"Haka yake yi maka a ruwa?" in ji Madam.

Tahir ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Kaltouma ta dubi tafukanta, ta ce, "Innalillahi! Ashe ni ce aljanar?" Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da gyale.

Madam ta goge masa man da tsumma, ta ce, "Hannun mace ke nan, kuma na ce ta saki ta saki. Kogi ba zai saki ba."

"Wankan Laraba fa?" in ji Tahir.

"Ban hana ka wanka ba. A ɗebo ruwan wurin a bokiti, ka yi a tudu." Sai ta nuna ƙugunsa da yatsa, daidai inda ya ɗaure wando. "Ka ga mazagin nan? Nan ne iyakar Binuwai a jikinka. Ƙasa da shi naka ne, ka shiga ka fita yadda ka so. Ranar da ruwa ya haye shi, Kaltouma za ta shiga takaba."

"Aikina fa? Me zan ci?"

"Jirgi naka ne. Ka tuƙa, wasu su shiga."

"Wannan ai aikin tsofaffi ne."

"To, tsoho ne kai," ta ce, ta leƙa waje ta kira na gaba.

Na mai da shi gida a motona. Ranar Laraba Kaltouma da kanta ta shiga jirgin wani ta ɗebo ruwan. Mai magani ya yi ƙorafi, ya ce wankan bokiti rabin wanka ne, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Tahir ya koma tuƙi. Samarin da ya koya wa aiki suka riƙa tsokanarsa, wai Baba mai tsoron jiƙa cibiya. Yana jin zafin abin, ni shaida ne, don a ƙofar gidana yake zuwa ya zazzage. Likita ya ce wani lokaci gefen da ya kwanta yakan farfaɗo, saboda haka yana komawa Madam ta duba. Duk zuwa sai ya tambaya ko an ɗaga masa iyaka. Duk zuwa sai ta nuna masa layin hagu a kwance, ta ce tana nan inda take. Ba ta taɓa ba shi fatan da ba ta gani a gilashi ba.

Ana nan har damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yi ja. Abin da ya faru ba a gabana aka yi ba, Hashim mai lodin yashi ne ya ba ni labari, wasu ma da ke wurin sun faɗa mini haka. Da hantsi ne, samari duk sun yi nisa da wasu jirage. Tahir ya ɗaure nasa a gaɓa ya hau tudu shan shayi. Igiyar ta zame. Hashim, da bai iya ruwa ba, ya yi ihu. Tahir ya jefar da kofi ya ruga. Jirgin nan shi ne duk abin da ya mallaka, da hannunsa ya tara katakonsa, shi ya sa samari ke ba shi kaso.

Ya faɗa ruwa. Ya kai gwiwa, ya kai cinya. Jirgin bai yi nisa ba, Hashim ya ce 'yan taku kaɗan ne da iyo ɗaya, Tahir ɗin da muka sani a da ko tunani ba zai yi ba. Ya ƙara taku, ruwa ya taɓa mazagi. Sai ya tsaya. Hashim ya rantse mini ya ga ƙafarsa ta ɗaga za ta ƙara gaba, ya mai da ita. Ya tsaya nan, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a miƙe, jirgin ya juya a hankali ya kama tsakiyar ruwa ya yi yamma. Bai fito ba sai da ya daina ganinsa. An bi gaɓa an yi cigiya, ba a same shi ba. Masu tsokana suna cewa yana Yola yana lodin yashin Najeriya.

Daga bakin kogi bai je gida ba. Asibiti ya nufa, da safe, benci cike da masu ciki. Mutumin da ba ya shiga sai ta ƙofar baya ya ratsa ta tsakiyarsu wando na ɗigar ruwa, ya tsaya a ƙofar Madam ya ɗaga murya.

"Madam! Kin cinye mini jirgi!"

Ta fito. Wata mata da ke kan layi ta ce Madam ba ta dubi fuskarsa ba, wandon ta duba, jiƙe sharkaf har mazagi, sannan ta dubi rigar.

"Rigarka a bushe take," ta ce.

"A bushe take! Jirgina kuma ya tafi!"

"Shigo ka zauna, kana haki." Ta roƙi matar da ke kan layi ta ɗan jira, ta zaunar da shi, ta sa shi hura iska a hankali har ya lafa. Da ya fita, in ji matar, Madam ta je bakin taga ta ɗauki kwalbar man nan, ta riƙe ta jim kaɗan tana kallon waje, ta ajiye, ta kira ta.

Madam Véronique, 'yar garin Guider, mai ganin numfashi. Ke ce kika ɗauki na'urar da maza ke gudu kika mai da ita tasu ba tare da kin kunyata kowa ba. Ke ce ba ki yi gardama da abin da mutum ya yi imani da shi ba, kika sa hannun matarsa ya gaya masa gaskiya. Ba ki warkar da Tahir ba, ba ki kuma ce za ki warkar da shi ba. Iyaka kika ja masa a wurin da ba zai manta ba, inda yake ɗaurewa kowace safiya. Ba ki da fara'a, wannan kowa ya sani, kuma ban zo in ƙaga miki ita ba. Amma wallahi zuciyata tana sonki saboda Inna, kuma ina jin nauyin tafiyarki.

Mun gode, useko. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya. Wadda za ta gaji ɗakin, Madam Gaëlle, da duk mai irin wannan aiki daga nan har Maruwa da Kuseri, ga roƙona: ku juyo wa mutum da gilashin ya ga jikinsa, ku yi masa magana da abin da ya sani, ku ajiye man a rana. Ku kuma maza masu tsohon tari, ƙofar baya tana nan, ku daina jira sai an jawo ku ta hammata.

Tahir yanzu jirgin wani yake tuƙawa, kasonsa ya ragu, taba ma an raba shi da ita da kyar. Na gaya masa Madam za ta tafi, na tambaye shi ko zai je sallama. Ya ce zai je mana, ai har yanzu ba ta ba shi amsar maganar jirginsa ba. Na ce da Kaltouma ta ja masa kunne, kada ya ɓata wa mutane taro. Tana tankaɗe ne, ba ta ko ɗago ba.

"Ƙyale shi ya yi mitarsa, Malam," ta ce. "Ni na taɓa riƙe cikin nan na ji numfashin yana tafiya. Ya yi ta yi har gobe, ina ji."